Jima Ita Ce Uwar Dukanci

A kasuwannin yammacin Zamfara, daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, duk inda mahauta suka kafa rumfa ba a rasa mai sayen fata a kusa da su. Yakan ɗaga fatar akuya ya haska ta da rana ya ga ko wuƙa ta huda ta, ya zuba mata gishiri, ya ninke, ya ɗora kan tarin da zai bi mota zuwa Gusau ko Sakkwato, daga can kuma sai Kano. A kasuwar nan dai, taku kaɗan daga wurin, an baza takalman roba da jakunkunan leda, kuma su ne mutanen garin za su saya su koma gida da su. Wato fata ta fita ɗanya, kayan da ya kamata a yi da ita sun shigo daga wata ƙasa, an yi su da wani abu dabam. Mutane da yawa sun ɗauka haka abin yake tun fil azal. Tarihi bai yarda ba. Abin da nake son kafawa shi ne, ƙarfin dukancin ƙasar Hausa bai taɓa tsayawa a kan ɗinki kaɗai ba, ya tsaya ne a kan jima, kuma ranar da fata ta fara barin gari tun ba a jeme ta ba, ranar ce sana'ar ta fara ramewa. Saboda haka duk matashin da ke son zama baduku a yau, yana kuma son ya yi kaya masu ƙarko waɗanda ba sa cutar da ƙasa, daga majema zai fara.

Shaidar farko ta kai kimanin shekara 500. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya kammala littafinsa kan ƙasashen Afirka a 1526, kuma da ya zo kan Gobir sai ya ambaci masu ɗinka takalma waɗanda ake kai kayansu har Tambutu da Gawo. Gobir kuwa maƙwabciyar Zamfara ce, har ma a wajen shekarun 1760 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara ya kafa Alƙalawa, daga baya gidan sarautar Zamfara ya zauna a Anka. Ƙasashen biyu dabbobinsu ɗaya, itatuwansu ɗaya, masu sana'arsu kuma suna kai da komo a tsakani. Shekara 300 da wani abu bayan al-Wazzan, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano a 1851 ya zauna yana ƙiyasta cinikin birnin. Tufafi ya sa su a gaba da wuri miliyan 300 a shekara. Takalman da ake fitarwa ya ƙiyasta su wuri miliyan 10, ƙiraga da jajayen fatun da aka jeme aka rina kuma miliyan 5, waɗanda ya ce ana kai su har Tarabulus. Ƙiyasin baƙo ne, ba za a rantse a kansa ba, amma akwai abin da yake nunawa ƙarara: abin da ke fita daga ƙasar nan a lokacin jemammiyar fata ce da ɗinkakken kaya. Ladan mahauci da na majemi da na mai rini da na baduku duk a gida suke zama kafin raƙumi ya tashi. Wani kaso na fatun da suka ratsa Sahara ta Gat da Gadamas ya isa kasuwannin Turai da sunan fatar Maroko, domin ta tashoshin Arewacin Afirka ta bi, amma hannun da ya jeme ta na nan ne.

Yammacin Zamfara ba 'yar kallo ba ce a wannan ciniki. Gummi ita ce cibiyar Kambarin Barebari, ɗaya daga cikin manyan rukunonin fataken goro na ƙarni na 19, tare da Agalawa da Tokarawa. Ayarinsu kan tashi zuwa Gwanja, su sauka a Salaga, kuma cikin kayan da fataken Hausa ke kaiwa can akwai tufafi da kanwa da gabu da kayan dukanci. Shi kansa ayarin ba ya motsi sai da fata. Salkar ruwa fata ce, wasakin da za a ja ruwa a rijiyar zango fata ne, haka burgami da zabira, da kuben takobin madugu, da layun da aka ɗinke wa matafiyi kafin ya bar gida. A fada kuma doki na buƙatar sirdi da ragama da linzami. Malami na buƙatar tadarishi da gafakar da zai adana Alƙur'ani, da buzun da zai zauna a kai. Maƙeri ba ya hura wuta sai da zugazugai, makaɗi ba ya da ganga sai an rufe ta, mace kuma tana ajiye kwallinta a ɗan tandu. Gari ba ya cika gari in babu majemi da baduku, shi ya sa sarakuna suka naɗa Sarkin Dukawa da Sarkin Majema, kuma har yau unguwannin Dukawa da Majema na nan da sunayensu a tsofaffin biranenmu.

Sai an dubi jima kusa-kusa ake gane dalilin da na kira ta uwa. Majemi yakan jiƙa fata ta yi laushi, ya tsoma ta a ruwan toka har gashin ya saki, sannan ya shimfiɗa ta a kan gungume ya bi ta da kartaji yana kankarewa, gashi a wannan fuska, sauran nama da kitse a waccan. Daga nan sai ya saka ta a ruwan kashin tattabara ko na kaji, wasu kuma su yi amfani da ganyen fatakka, don fatar ta saki jiki ta buɗe. Bayan an wanke ta tas ne ake zuwa ga bagaruwa, wadda mutanen Sakkwato da Zamfara ke ce wa gabaruwa. Ana daka 'ya'yanta, a jiƙa a kwatarniya, a tsoma fatar ana juyawa ana matsewa ana sabunta ruwan, har sai ya ratsa ta ciki da waje. Ƙwararren majemi yakan ɗan yanki gefen fatar ya duba: in tsakiyar na nan fari fat, ba ta jemu ba, komai kyan bayanta. In ta jemu sai a shafe ta da mai, a shanya a inuwa, a yi ta ja ana murzawa har ta yi taushin da za a dunƙule ta a tafin hannu. Rini ma daga gona da maƙera yake fitowa. Ja daga karan dafi ne, wata irin dawa da ake shukawa don launin kubenta ba don hatsi ba, a jiƙa da ruwan toka ko kanwa, a bi da lemun tsami launin ya fito. Baƙi kuloko ne, wanda ake haɗawa da tsatsar ƙarfe ko kashin maƙera, da zarar ya taɓa fatar da ta sha bagaruwa sai ta yi baƙi wuluk. Rawaya daga saiwa ake samunta. A lura da jerin nan da kyau. Akuya, toka, tattabara, bagaruwa, dawa, kashin maƙera: babu wanda ba a samu a ƙauye irin Tungar Guru ko a dajin da ke kewaye da shi, kuma kusan dukansu abin da wata sana'ar ta zubar ne wannan ta tsinta.

Baduku a kan wannan tushe yake gini, kuma hanyar zama baduku a da ta san da haka. Yaro ba ya fara da zane. Yakan yi shekaru yana kai saƙo majema yana dawowa, yana ganin yadda maigidansa ke shinshina fata, ya ja ta, ya mayar da wadda ba ta yi ba. Sai a ba shi yankan tsinkin fata, siririn zaren da ake ɗinki da shi, aikin da ke koya wa hannu tafiya a miƙe. Sai huji da basilla, sai ɗinkin laya da kuben wuƙa, sannan takalmi da jaka. Adon da ake yi ta hanyar feɗe saman jar fata a fitar da zane, ko a huda ta a sa kore ko fari a ƙarƙashi, shi ne na ƙarshe, domin kuskure ɗaya na lalata fata guda. Kafin yaro ya kai nan ya riga ya san cewa fatar akuya ta fi ta tunkiya ƙarfi, ya san wuya da gadon baya sun fi ciki kauri, ya san inda zai yanko maɗaurin takalmi don kada ya tsinke. Hausawa suka ce inda fata ta fi taushi nan ake mai da jima, kuma wanda bai taɓa tsayawa a majema ba ba zai san inda taushin yake ba.

Wani zai ce wannan yabon gida ne. To ga shaida daga waɗanda ba su da dalilin yi mana kara. A ƙarshen ƙarni na 19 masu kula da ɗakunan karatu a Ingila suka lura bangon littattafan da aka yi da sabuwar fata yana ruɓewa ya zama jan gari cikin 'yan shekaru, alhali na tsofaffin littattafai na nan garau. Ƙungiyar Society of Arts ta Landan ta kafa kwamiti, ya fitar da rahoto a 1901, ya ɗora babban laifin a kan hanyoyin jima na gaggawa da asid mai ƙarfi, irin wanda muke kira ruwan batir, da masana'antu ke sakawa. A shekarar nan Douglas Cockerell, sanannen mai ɗinkin littattafai, ya fitar da littafinsa kan sana'ar, ya kuma yaba fatar akuyar da ake kawowa daga yankin kogin Kwara, wadda mutanen yankin suka jeme da hannunsu. Tun daga nan fatar Najeriya ta zama abin nema wajen masu yi wa littattafai masu daraja bango. Majemin da ya yi aikin bai san sunan sinadarin da ke cikin bagaruwa ba, amma fatarsa ta fi ta masana'antar Ingila daɗewa, kuma Ingilishi ne suka faɗa da bakinsu.

Abin takaici, shekarun da aka yi wannan yabo su ne shekarun da aka fara kwance sana'ar. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, reshen da ya bi ta Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kamfanoni irin su John Holt da UAC da Ambrosini suka baza wakilai suna sayen fata. Abin da masana'antun Turai da Amurka suka fi so shi ne busasshiyar ɗanyar fata, su jeme ta da kansu yadda injinansu ke buƙata. Gwamnatin mulkin mallaka ta yi aiki tuƙuru a kan fata, ba a musun wannan. Ta sa malaman fata suna bin mahauta suna koya musu fiɗa ba tare da huji ba, da shanya a rataye cikin inuwa maimakon a ƙasa, har aka riƙa fiɗiye bunsurun da ba ja ba don jar akuyar Sakkwato ta tsarkaka, kamar yadda Faransawa suka yi da jar akuyar Maraɗi. Amma duk wannan gyara a bakin ƙofar majema ya tsaya. An inganta akuya, an inganta fiɗa, sannan aka ɗauke fatar. Mafi kyawunta ta bi jirgi, majemin gida ya koma jemar wadda kamfani ya ƙi, baduku kuma ya koma ɗinka abin da majemi ya samu. Da masana'antun jima suka kafu a Bompai da Sharaɗa da Challawa, jimar ta dawo ƙasar amma ba ta dawo gari ba, kuma yawancin abin da suke jemewa Italiya da Sifen da Sin yake tafiya. Daga baya roba ta zo ta cinye kasuwar guga da takalmi, cin ganda kuma ya kwashe ƙiragan shanu. Mutane sukan ce roba ce ta kashe dukanci. A ganina roba ta tarar da shi ne a kwance, shekaru bayan an raba baduku da fata mai kyau.

Akwai hujjojin da ke adawa da wannan ra'ayi, kuma ba na wasa ba ne. Ta farko ita ce kuɗi. Manomin da ke lissafin kuɗin taki ba zai bar takalmin roba mai araha ya sayi na fata ba, kuma babu mai ikon ganin laifinsa. Na yarda wasu kasuwannin sun tafi ba za su dawo ba. Babu wanda zai koma jan ruwa da wasaki alhali ga gugan roba. Sai dai araha a ranar saye dabam take da araha a ƙarshen shekara. Takalmin roba in ya tsinke an gama da shi, sai dai ya kwanta a juji ko ya toshe magudanar ruwa, na fata kuwa ana mayar wa baduku ya sake maɗauri. Bayan haka akwai kayan da har yau fata ce kawai ke yinsu yadda ake so: kayan dokin hawan salla, gafaka, kube, tumtum, buzu, bangon littafi. Kasuwar Kurmi da ta Ƙofar Wambai a Kano da dukawan Sakkwato da na Damagaram ba da labari suke ci ba, ciniki suke yi. Masu saye a waje kuma yanzu suna neman fatar da aka jeme da itace, suna ƙara kuɗi a kanta. Wanda zai ci wannan kasuwa shi ne wanda zai iya cewa ga akuyar, ga bagaruwar, ga wanda ya jeme. Badukun da ke sayen ragowar fatar kamfani da ledar da aka yi wa zanen fata ba shi da wannan magana a bakinsa.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: jimar gargajiya tana da wari, tana cin lokaci, fatarta ba ta jure ruwa kamar ta zamani, kuma ita ma tana zubar da ƙazamin ruwa. Duk gaskiya ne. Jima da sinadarin kuromiyam, wadda ta bazu bayan 1884, tana gamawa da sauri, tana ba da fata iri ɗaya, shi ya sa ta mamaye duniya. Kuma ba duk abin da kakanni suka yi ne mai tsabta ba. Koren korino da garin tagulla da sinadari ake haɗa shi, majeman yau da dama kuma sun koma rinin kanti da ragowar kabaid. Amma a auna illar biyu. Ruwan bagaruwa da toka da kashin tattabara yana ruɓewa, in aka haƙa masa rami nesa da rijiya ƙasa na shanye shi. Ruwan kuromiyam ba ya ruɓewa, kuma masu noman rani a bakin kogin Challawa sun daɗe suna kuka da abin da masana'antu ke zubo musu. Mutanen Anka da Bukkuyum ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan bambancin wari da guba. A 2010 aka gano cewa dutsen zinariyar da ake dakawa a cikin gidaje cike yake da dalma, a Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da 'Yargalma da Tungar Guru, daga baya aka ga Bagega ta fi su duka girman matsala. Yara kimanin 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu, sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma ta yi shekaru tana jinyar waɗanda suka rayu. Iyayen nan neman halali suke yi, talauci ne ya shigo da dutsen har ɗaki. Garin dalma ba ya da wari ko kaɗan. Majema kuwa tun daga nesa take sanar da kanta, shi ya sa tun da can ake kafa ta a gefen gari kusa da ruwa. Yankin da ya ga wannan musiba ya fi kowa cancantar a taimaka masa da sana'ar da yaro zai zauna kusa da mahaifinsa yana koyo ba tare da an ji tsoron abin da yake shaƙa ba. Gyaran da jimar gida ke buƙata, wato auna bagaruwa da ma'auni, tsabtace ruwa da daidaita kauri, abu ne da cibiyar binciken fata ta NILEST da ke Samarun Zariya ta daɗe tana nazari a kai. Abin da ya rage shi ne ilmin ya bar Samaru ya iso bakin kwatarniya.

Hujja ta uku ita ce wadda ba a cika faɗa a fili ba: jima da dukanci sana'o'in gado ne, kuma an daɗe ana yi wa majemi kallon ƙasa-ƙasa, har a wajen neman aure. Wannan raini ya yi wa sana'ar ɓarnar da ta kusa kai ta kamfanoni, domin ya kori 'ya'yan gidan ya kuma hana bare shigowa. Ba shi da tushe a addini; hadisi ya tabbatar da cewa jima tana tsarkake fata, malaman da ke koyar da hakan kuma a kan buzun majemi suke zaune. Gado hanya ce ta adana ilmi a lokacin da babu makaranta, ba katanga ba ce, kuma tsofaffin da suka rage sun fi buƙatar almajiri fiye da yadda almajiri ke tsammani. Ga kuma matsalar tsaro, wadda ta fi shekara 10 tana korar dabbobi da tayar da kasuwanni a Zamfara, ba kuma wanda zai yi maganar sana'a a yankin ya tsallake ta. Amma a nan ma fatar akuya ta fi ta saniya dacewa da halin da ake ciki. Akuya dabbar tsakar gida ce, yawanci ta mata, kayan aikin baduku kuma gaba ɗaya ba su cika jaka guda ba, wanda ya tashi daga ƙauye ya koma Gummi ko Anka yana iya tafiya da sana'arsa a kafaɗa, abin da gona ba ta yarda da shi.

Don haka kirana ga masarautun Anka da Bukkuyum da Gummi da ƙananan hukumominsu shi ne su nemo majeman da suka rage tun suna da rai, su ware musu fili da ruwa a gefen gari, su hana sare bagaruwa don gawayi, su kuma sa jima cikin duk shirin koyar da sana'a da za a kawo, kada a tsaya ga raba keken ɗinki. Kai kuma matashi mai sha'awar dukanci, kafin ka sayi basilla je ka gaida majemin garinku, ka roƙe shi ya bar ka ka daka masa bagaruwa, ka zauna har ka iya gane jemammiyar fata da hannunka.